Duwatsu Uku a Kan Dakali: Sharhi da Suka Game da Karatun Hotunan Kuɗin Lardunan Rum

 

Musabbabin wannan rubutu wani ɗalibi ne na ajin ƙarshe da ya tsayar da ni bayan darasin tarihin Larabawa kafin Musulunci, ya miƙo mini wayarsa. A cikinta akwai hoton wani tsohon kwabo na tagulla. An zana ɗakin bauta mai ginshiƙai a bayansa, a tsakiyar ɗakin kuwa ga wani ƙaton dutse mai tsinin kai. Wanda ya turo masa hoton ya haɗa da da'awar cewa asalin Hajarul Aswadi ke nan, kuma hujja ce ta ƙarfe da ba a musu da ita. Ya ce, "Malam, jabu ne ko?" Na ce masa a'a, irin wannan kwabo sananne ne, birnin Himsa ya buga shi a zamanin Rumawa. Sai na ga jikinsa ya yi sanyi, domin so ya yi in ce ƙarya ne ya huta. Shubuhar kanta mai rauni ce, zan zo kanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ga ɗalibi da zai iya kama illa a isnadi, ya bambanta mursali da munƙaɗi'i, amma an ɗora masa hoto a hannu ya rasa ma'aunin da zai auna shi da shi.

Kuɗin da ake magana a kai

Daular Rum tana da kuɗi iri biyu. Akwai na fada, wanda ake bugawa a ƙarƙashin ikon Ƙaisar kai tsaye, na zinariya da azurfa da tagulla, da rubutun Latinanci. Daga sunan azurfarsa, dinariyus, kalmar dinari ta fito. Akwai kuma na larduna, wanda garuruwa ke bugawa da sunansu domin ƙananan cinikin kasuwa. Galibinsa tagulla ne, saboda haka zan riƙa kiransa kwabo. A fuska yawanci kan Ƙaisar ne da laƙubbansa, a baya kuwa sunan mutanen garin da abin da suke alfahari da shi: gunkinsu, ɗakin bautarsu, koginsu, dutsensu, ko wasannin da suke shiryawa. Garuruwa sama da 500 sun yi wannan bugu a lokuta daban-daban. Na yamma, irin su Andalus, sun daina tun kafin tsakiyar ƙarni na 1 Miladiyya. Na gabas, masu rubutu da Girkanci, sun ci gaba har shekarun 270, Iskandariyya kuma ta kai wajen 296, lokacin da Ƙaisar Diƙlidiyanus ya haɗe tsarin kuɗin daular.

Babban abin komawa a wannan fanni yau shi ne kundin Roman Provincial Coinage. Juzu'insa na farko ya fito a 1992 da aikin Andrew Burnett da Michel Amandry da Pere Pau Ripollès, ƙarƙashin gidan tarihin Birtaniya da babban ɗakin karatu na Faransa, ya ɗauko daga shekara ta 44 kafin Miladiyya zuwa 69 Miladiyya. Yanzu gidan tarihin Ashmolean na jami'ar Oksfod ya ɗora kundin a intanet, kowa na iya dubawa ba da ko sisi ba. Aiki ne na haƙuri da amana: kowane nau'i da lambarsa, da nauyinsa, da faɗinsa, da wuraren da samfuransa suke. Wanda ya saba da littattafan rijalu zai gane irin wahalar da ke ƙarƙashinsa. Sai dai ina da abin cewa a kansa ta fuska biyu. An raba shi ne bisa zamanin Ƙaisarori, don haka tarihin gari guda ya warwatsu a juzu'ai, mai bin sawun gunki ɗaya sai ya yi ta tsince-tsince. Sannan harshen bayaninsa na Girkawa ne: duk mace mai kambin ganuwa Taiki ce, duk namiji mai mashi Aris ne, duk mai gemu da sanda Ziyus ne. Masu kundin suna da uzuri, domin aikinsu siffantawa ne, kuma sau da yawa su kansu masu bugun kuɗin siffar Girkawa suka ara. Amma mai tara kwabbai yana kwafe wannan suna a takardarsa ya ɗauka ya gama fahimta, alhali ko farawa bai yi ba.

Wurin matse inabi da ya zama gumaka

Misalin da ya fi koya mini wannan darasi daga Busra yake, wato Busra ta Sham da muka sani a sira, garin Bahira, wanda ta hannun sarkinsa wasiƙar Annabi (SAW) ta isa ga Hirƙalu. A shekara ta 106 Ƙaisar Tarajan ya haɗiye masarautar Nabaɗawa ya mayar da ita lardin Arabiya, Busra ta zama mazaunin rundunarsa, har garin ya fara ƙirgen shekarunsa daga wannan shekara. Babban abin bautar Nabaɗawa shi ne Dushara, wanda Girkawa ke rubutawa Dusaris, littattafanmu kuma suke kira Zush-Shara, ma'ana ma'abocin Shara, tsaunukan da ke kewaye da birnin Batra.

A kan wasu kwabban Busra na ƙarni na 3, musamman na zamanin Ƙaisar Daƙyanus (249 zuwa 251), akwai wani zane mai ɗaure kai. Wani dakali ne mai tsawo da matakala a gabansa, a samansa abubuwa uku a tsaye, na tsakiya ya fi girma, kuma a kansu an jera wasu falle-fallen abubuwa. A kewaye an rubuta sunan bikin Dushara. Masana na ƙarni na 19 sun daɗe suna cewa wurin matse inabi ne. Ba da ka suka faɗa ba. Wani mai ƙamus na Iskandariyya da ake kira Hesikiyus ya rubuta cewa Dushara shi ne Diyonisus a wurin Nabaɗawa, shi kuwa Diyonisus gunkin giya ne na Girkawa. Ƙasar Haurana kuma ƙasar inabi ce, giyarta ma ta shiga waƙoƙin Jahiliyya. Da aka haɗa waɗannan, ido ya ga abin da zuciya ta riga ta yanke: matakala ta zama ta hawa wurin matsa, abubuwa ukun suka zama kayan aikin giya.

A 1904 masanin Faransa René Dussaud ya wallafa maƙala a kan bautar Dushara bisa shaidar kuɗin Busra da maƙwabciyarta Azri'at, ya nuna cewa duwatsun bauta ne uku a kan mazauninsu. Azri'at ita ce Dar'a ta yau, garin da Banu Ƙainuƙa'a suka nufa da aka fitar da su daga Madina, wanda kuma malaman tafsiri ke ambata tare da Busra a farkon Suratur Rum. Kwabbanta ba su bar wurin tawili ba, domin sun zana dutse guda mai kama da kifaffiyar ƙwarya a kan dakali, suka rubuta a gefe da Girkanci cewa wannan Dusaris ne, abin bautar mutanen Azri'at. Hoto ya zo da sunansa. Sannan ga shaida daga wajen kuɗi: a cikin matsattsiyar hanyar dutse da ake bi a shiga Batra, akwai wata alkuki da aka sassaƙa irin wannan dutse mai zagayayyen kai a cikinta, tare da rubutun maziyarta daga Azri'at. Ga kuma ƙamus ɗin Suda na Rumawan gabas, na ƙarni na 10, wanda ya adana wani tsohon bayani cewa abin bautar Batra baƙin dutse ne mai kusurwa huɗu da ba a sassaƙa masa siffa ba, tsawonsa ƙafa 4 faɗinsa ƙafa 2, yana kan gindi na zinariya, ana kwarara masa jinin yanka. A istilahin malaman hadisi, riwaya ta samu mutabi'i ta samu shahidi, kuma daga hanyoyin da ba su ɗauka daga juna ba.

Ɗalibin Alƙur'ani ba zai ji wannan baƙo ba. Su ne ansabu da Suratul Ma'ida ta ambata sau biyu, a aya ta 3 wajen haramta abin da aka yanka a kansu, da aya ta 90 tare da giya da caca. Rubuce-rubucen Nabaɗawa ma da wannan tushe na nasaba suke kiran irin waɗannan duwatsu. Shi kuwa dakalin, suna ce masa motab, wato mazauni. Wanda ya karanta littattafan lugga zai tuna hikayar Balaraben da ya je wurin sarkin Himyar, aka umarce shi da kalmar da a harshensu take nufin zauna, a harshensa kuwa take nufin yi tsalle, ya faɗa daga tudu ya halaka. Tushen kalmar ɗaya ne da motab. Ina ganin nan ne wanda ya taso a cikin Larabci yake da wani abu a hannu da mai kundin Oksfod ba lallai ya mallaka ba.

Amma kada mu yi saurin murna. Busra ɗin nan da ta zana Dushara a matsayin dutse, ita ce a zamanin Komodus, a ƙarshen ƙarni na 2, ta zana shi a siffar saurayi marar gemu mai dogon gashi, da sunansa a rubuce. Gari ɗaya, gunki ɗaya, siffa biyu. Sunan bikin da ke kewaye da duwatsun ukun kuwa shi ne Aktiya Dusariya, an ɗauko rabinsa daga wasannin da Ƙaisar Agustus ya kafa domin tunawa da nasararsa a yaƙin Aktiyum na shekara ta 31 kafin Miladiyya, kuma da Latinanci aka rubuta shi, domin a lokacin Busra ta samu matsayin garin Rumawa. Ashe abin da kwabon ke nunawa bikin gunkin Larabawa ne da aka ɗinka masa riga a kan awon Rum. A kan wasu kwabban garin ma za a ga Ziyus Amun mai ƙahon rago, wanda ba shi da wata alaƙa da Nabaɗawa, runduna ta 3 da aka kawo daga Masar ce ta zo da shi.

Wannan ya kai mu ga ƙa'idar da nake ganin masu tarawa da masu jidali duk suna tsallakewa. Kwabo maganar hukuma ce. Manyan gari, masu kujera a majalisa, masu neman yardar gwamna da Ƙaisar, su ne ke zaɓen abin da za a zana. Yana gaya mana yadda suke so a gan su. Abin da makiyayi yake yi a bayan gari, ko abin da tsohuwa take kira idan ɗanta ba shi da lafiya, wannan kwabo bai ɗauke shi ba. Akwai ma wani abu da ya ƙara rage masa ƙarfi: a 1972 aka buga binciken Bajamushe Konrad Kraft da ya nuna cewa garuruwa da yawa na Asiya Ƙarama da hatimin fuska ɗaya aka buga musu kuɗi, wanda ke nuna maƙera guda ce take yi wa garuruwa da dama aiki. Idan haka ne, salon zane yana iya zama na maƙeri, ba na mutanen gari ba.

Tsakanin sakaci da wuce iyaka

Idan kuskuren mai kundi shi ne tsayawa a kan sunan Girkawa, kuskuren mai zumuɗi shi ne cire sunan ya liƙa na Larabci ba tare da hujja ba. Kwabban Batra suna ɗauke da mace zaune a kan dutse, wadda kundi ke kira Taiki, uwar sa'ar gari. Da yake Manata ma sunanta yana da alaƙa da ƙaddara, abu ne mai sauƙi mutum ya ce ai ita ce, wani kuma ya ce Uzza ce ko Lata. Babu rubutu a kan kwabon da ya faɗi haka, kuma irin wannan mace tana kan kuɗin garuruwa barkatai daga Antakiya zuwa gaɓar teku. Zato ne, a rubuta shi a matsayin zato.

Haka batun Ma'ab. Ibn Hisham ya kawo cewa Amru ɗan Luhayyi ya je Ma'ab a ƙasar Balƙa'a, ya tarar da mutanenta suna bautar gumaka, ya roƙi ɗaya ya kawo Makka, shi ne Hubal. A wannan yanki akwai garin Rabba, kusa da Karak ta ƙasar Jodan, wanda ya buga kwabbai a zamanin Sabtimiyus Safirus (193 zuwa 211). A kansu akwai gunki a siffar mutum, tsaye a kan gindi, da takobi da mashi da garkuwa, tsakanin wutar bagadi biyu. Iyakar abin da za a ce shi ne, wannan ya dace da abin da riwayar ta ɗauka, cewa Balƙa'a ƙasa ce ta gumaka masu siffar mutane, kuma Ibnul Kalbi a Kitabul Asnam ya siffanta Hubal da siffar mutum. Wanda ya ce ga hoton Hubal, ya faɗi abin da ƙarfen bai faɗa ba.

Shi kansa Zush-Shara sai an yi hattara. A ƙissar musuluntar Ɗufailu ɗan Amru Addausi (RA) an ambaci cewa gunki ne na ƙabilar Dausu, yana da keɓantaccen hurumi da ɗan ruwa mai gangarowa daga dutse. Ibnul Kalbi kuma ya jingina shi ga wani reshe na Azdu. Suna ɗaya ne da na Busra, kuma akwai gada a tsakani, domin rubuce-rubucen kaburburan Hijru, wato Mada'inu Salih a arewacin Hijaz, sun ambaci Dushara da Manata da Lata, ɗaya daga cikinsu ma har da Hubal, kuma Hijru ta shiga lardin Arabiya na Rumawa. Duk da haka, tsakanin kwabon ƙarshe na wannan lardi da haihuwar Annabi (SAW) akwai kimanin shekara 300, tsakanin Haurana da tsaunukan Dausu kuma tafiya ce ta makonni. Ba ya halatta a ɗauki wasannin Aktiya a kai su hurumin Dausu, kamar yadda ba ya halatta a ɗauki ruwan Dausu a kai shi Busra.

Yanzu sai dutsen Himsa da ɗalibina ya kawo. Sunan abin bautar Ilagabal, ana fassara shi da ubangijin dutse. Masanin tarihi Hirudiyan, wanda ya yi zamani da abin, ya siffanta shi da ƙaton baƙin dutse mai faɗin gindi da tsinin kai, masu bautarsa suna cewa daga sama ya faɗo. Yana kan kwabban Himsa tun zamanin Antoninus Fiyus a ƙarni na 2, sau da yawa da gaggafa a kansa ko a gabansa. A 218 wani yaro daga gidan matsafan wannan dutse ya zama Ƙaisar, shi ne wanda tarihi ya riƙe da sunan Ilagabalus. Ya ɗauki dutsen ya kai Rum. Nan da nan hoton dutsen a kan keken dawaki huɗu ya bayyana a kuɗin garuruwan da ba su taɓa saninsa ba, har da Nabulus da Iliya, wato Ƙudus. A 222 aka kashe yaron, aka mayar da dutsen Himsa, hoton kuma ya ɓace daga waɗannan garuruwa kamar ba a yi ba. Shekara huɗu ba ta isa a shiga addini a fita ba. Fadanci ne, kuma ban san wani misali da ya fi wannan nuna cewa kwabo yana bin iskar fada ba.

To, me kwabon Himsa ya tabbatar? Ya tabbatar da cewa a Himsa, a ƙarni na 2 da na 3, an bauta wa wani dutse. Makka tana kusan kilomita 1,500 kudu da nan, ba ta cikin daular Rum, ba ta buga kwabo ba, sunanta bai zo a kan wannan ba. Kamannin launi ba ya zama nasaba. Kuma batun cewa Larabawa sun bauta wa duwatsu ba asiri ba ne da kwabo ya tona, littattafanmu ne suka fi kowa faɗinsa. Bukhari ya kawo labarin Abu Raja'il Uɗaridi cewa sukan jefar da dutsen da suke bauta wa idan sun sami wanda ya fi shi kyau, kuma maganar Sayyidina Umar (RA) a gaban Hajarul Aswadi, cewa dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ta nuna sahabbai sun san bambancin sarai. Mai da'awar yana bukatar silsila daga Himsa zuwa Makka, kuma bai kawo ko mutum ɗaya a cikinta ba.

Adalci ya sa in faɗi cewa mu ma muna da irin wannan gaggawa idan hoton ya yi mana daɗi. A ƙasar Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, akwai tsohon garin Afamiya, wanda abin mamaki garin da ke wurinsa yanzu sunansa Dinar. Daga zamanin Safirus zuwa tsakiyar ƙarni na 3 ya buga manyan kwabbai masu hoton wani akwati a kan ruwa, namiji da mace a ciki, tsuntsu ɗaya a zaune a kansa wani yana tahowa da reshe, sannan mutanen biyu sun sake bayyana a tudu sun ɗaga hannu. A jikin akwatin an rubuta sunan Nuhu da harufan Girkanci. Abu ne mai ban sha'awa ƙwarai a ga sunan Annabi Nuhu (AS) a kuɗin garin masu bautar gumaka. Sai dai laƙabin garin tun da can shi ne Kibotos, wato akwati, kuma da wannan kalma fassarar Attaura ta Girkanci ta kira jirgin. Yahudawa sun daɗe a yankin, Yusifus ya ambaci cewa an zaunar da gidaje 2,000 nasu a Firijiya da Lidiya tun kafin zuwan Rumawa. Manyan gari sun sami labarin da zai ɗaga sunan garinsu a kan maƙwabta ne suka riƙe. Tsuntsu da reshe daga riwayar Ahlul Kitabi suke, ba su zo a Alƙur'ani ba, Alƙur'ani kuma Judiyyu ya ambata a matsayin matsayar jirgin. Kwabon shaida ne a kan yaɗuwar labarin a Firijiya a ƙarni na 3, kuma wannan kaɗai ya isa abin nazari.

Masu tarawa da matsalar isnadi

Ba zan shiga bahasin fiƙihu na ajiye abu mai hoto ba, domin yana da wurinsa. Abin da tarihi ya tabbatar, kamar yadda Balazuri ya kawo a ƙarshen Futuhul Buldan da Maƙrizi a Shuzurul Uƙud, shi ne an yi mu'amala da dinarin Rum da dirhamin Farisa a zamanin Annabi (SAW) da bayansa, har zuwa gyaran Abdulmalik ɗan Marwan, wanda dinarinsa mai rubutu zalla ya fito a shekara ta 77 Hijiriyya. Mai nazari ma hoto da awo sun ishe shi, ba sai ya mallaka ba.

Masu tara waɗannan kwabbai sun yi wa ilimi hidima, wannan ba a musunsa. Ginshiƙin kundin da na ambata tarin manyan gidajen tarihi ne kimanin goma, dukkansu a Turai in ban da na Niyok, kuma nau'o'i da yawa da babu su a can a hannun 'yan kasuwa da masu sha'awa aka fara ganinsu. Amma kasuwa tana cire wa kwabo abu mafi tsada a jikinsa, wato sanin inda aka tono shi. Kwabon tagulla ba ya yin nisa da garinsu bisa al'ada, saboda haka idan aka same shi a nesa akwai labari. A kufan Dura, a bakin kogin Furatu, inda aka yi tono daga 1928 zuwa 1937, Alfred Bellinger ya tantance kuɗin da aka samu ya buga a 1949. A cikinsu akwai kwabbai masu yawa na garuruwan Fontus da ke kusa da Baƙin Teku, har da na kudancin Girka, na zamanin gidan Safirus, abin da masana ke dangantawa da zirga-zirgar sojoji. Da a teburin gwanjo aka ga waɗannan kwabbai ɗai-ɗai, da babu wanda zai san sun taɓa zuwa Furatu.

Dura ɗin nan ce hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna ta cika da ramukan masu haƙar sata bayan ɓarkewar yaƙin Siriya a 2011. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya, ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2199 na Fabrairun 2015 kuma ya hana cinikin waɗanda aka fitar daga Siriya tun Maris na 2011. Amma kwabo ƙarami ne, yana shiga aljihu, kuma dubbai ne masu kama da juna. Sai ka ga an rubuta a takardarsa cewa daga tarin wani tsohon mai sha'awa ya fito, ba suna ba shekara. Wannan a wurinmu tadlisi ne. Akwai kuma abin da ya fi shi muni ga mai karatun hoto, wato a ɗauki kwabon da ya suɗe a bi shi da ƙarfe mai kaifi a fito da harufa da layuka, sannan a shafa masa ƙasa mai launin hamada ta rufe tabon. Mai gyaran yana sassaƙa abin da yake zaton yana wurin ne, don haka zatonsa ya shige cikin matani, kamar idrajin mai riwaya. Wanda ya gina hukunci a kan samfur guda na kasuwa, bai gwada shi da 'yan'uwansa da aka buga da hatimi ɗaya ba, yana iya yin sharhi mai tsawo a kan hannun wani maƙerin zamaninmu.

Ɗalibin nan ya dawo bayan mako biyu, ya nemo kwabon Himsa a kundin da kansa, ya kuma ci karo da na Busra. Tambayar da ya zo da ita ta fi ta farko: su waɗannan falle-fallen abubuwa da ke kan duwatsun uku, mene ne? Masana sun yi saɓani, wasu sun ce gurasar baiko ce, wasu sun tsaya a kan siffantawa kawai. Na tuna masa cewa Azraƙi a Akhbaru Makka ya ambaci yadda ake rataya wa Zul-Khalasa sarƙoƙi, ana kai masa sha'ir da alkama, ana zuba masa nono. Wannan bai fassara kwabon Busra ba, domin wani gunki ne a wata ƙasa a wani zamani. Na ba shi aikin tattara duk abin da Ibnul Kalbi da Azraƙi da Ibn Hisham suka faɗa game da abin da ake ɗorawa a kan ansabu, ya jera shi gefe guda, ya jera samfuran Busra da ke cikin littafin Spijkerman na 1978 da na Kindler na 1983 a ɗaya gefen, ya ƙirga fallayen da ke kan kowane dutse a kowane samfur kafin ya rubuta ko kalma ɗaya ta fassara.